Yardar Wanda Ba Shi da Zaɓi: Ɗa'ar Likitanci da Bincike a Ƙasashe Matalauta

Uwa ce riƙe da ɗanta mai shekara uku, jikinsa zafi rau, kwana biyu ko ruwa ba ya iya haɗiya. An rubuta mata magungunan da ba ta da kuɗin rabinsu. Sai ga wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta durƙusa kusa da ita cikin ladabi, ta ce akwai likitocin da ke gudanar da wani bincike, idan ta yarda a sa yaron a ciki, gado kyauta, gwajin jini kyauta, magani kyauta, har kuɗin mota za a ba ta. Ta ɗauko takarda mai shafuka da yawa, ta fassara mata abin da ya sawwaƙa, ta ce, "Mama, ba dole ba ne fa. Ko kin ƙi, ba abin da zai canja." Uwar ta dubi ɗanta, ta miƙa babban yatsa aka dangwala.

A takarda an cika sharaɗi. An yi bayani, an nemi izini, an samu. Ma'aikaciyar ba ta da mugun nufi, kuma wataƙila yaron ya samu kulawar da ba zai taɓa samu a wani ɗaki na asibitin ba. Amma maganar "ba abin da zai canja" dukansu biyu sun san ba haka take ba. In ta ƙi, za ta koma ta zauna da takardar magani a hannu tana jiran wanda zai taimaka. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kusan duk wata matsalar ɗa'a da ta shafi lafiya a ƙasashe matalauta daga nan take tasowa: ƙa'idojin an gina su ne a kan mutumin da zai iya cewa a'a ya tafi wani wuri, alhali mafi yawan waɗanda ake neman yardarsu ba su da wani wurin zuwa.

Ta'asa ce ta haifar da waɗannan ƙa'idoji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka gurfanar da likitocin Nazi a birnin Nuremberg na Jamus saboda gwaje-gwajen da suka yi a kan fursunoni, kuma a hukuncin 1947 alƙalai suka zayyana sharuɗɗa 10, na farkonsu shi ne yardar mutum bisa son ransa. A 1964 Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki, wadda har yau ita ce madubin da kwamitocin ɗa'a, masu tantance bincike kafin a fara shi, ke dubawa. Sai dai a daidai lokacin da ake waccan shari'a, tsakanin 1946 da 1948, likitocin gwamnatin Amurka suna Gwatamala suna shafa wa fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali cututtukan sanyi da gangan, mutum sama da 1,300. Asirin bai tonu ba sai 2010, lokacin da Shugaba Obama ya nemi gafara. A cikin Amurkar kanta, a Tuskegee ta jihar Alabama, an yi shekara 40, daga 1932 zuwa 1972, ana bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ba tare da an yi musu magani ba, har bayan an tabbatar fenisilin na warkar da cutar. Abin da aka riƙe su da shi kuwa, abinci ne da duba lafiya kyauta da alƙawarin kuɗin jana'iza. A duk wuraren nan, waɗanda aka zaɓa su ne waɗanda in an cuce su ba mai jin kukansu.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya, ta kashe sama da mutum 11,000. Ana tsakiyar wannan masifa ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano don gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani amma ƙasa da adadin da aka saba bayarwa. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta yi wannan ɓarna, kuma an nemi izinin iyaye da baki. Iyayen suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba kuma wanda ya gaya musu cewa a harabar asibitin ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF tana bayar da maganin da aka riga aka amince da shi kyauta. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, an mayar da kwanan watanta baya ne. Bayan 'yan makonni masu gwajin suka tattara suka tafi, annobar tana nan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, shekara 15 bayan an binne 'ya'yansu.

Mutane na yawan tsayawa a kan muhawarar ko maganin ne ya kashe yaran. Ni a ganina ko da an tabbatar bai kashe ko ɗaya ba, laifin bai gushe ba, domin an hana iyaye sanin abin da ya fi komai muhimmanci a gare su, wato cewa akwai wata ƙofa a buɗe taku kaɗan daga inda suke tsaye. Kuma abin bai tsaya a kan waɗannan iyalai ba. A 2003, lokacin da wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa an gurɓata shi, labarin Trovan na cikin abin da jama'a ke kafa hujja da shi. Jita-jitar ƙarya ce, amma tsoron yana da asali, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Kafin Kano ta dawo da rigakafin a tsakiyar 2004, cutar ta samu hanya, daga baya har ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

Ko a binciken da aka yi da zuciya ɗaya, samun yarda ta haƙiƙa abu ne mai wuya. Yaya za ka bayyana wa mutumin da bai taɓa shiga aji ba cewa likitan da ke gabansa bai san wane magani zai ba shi ba, kwamfuta ce za ta yi ƙuri'a? Yaya za ka fahimtar da shi cewa ƙwayar da zai haɗiya mai yiwuwa babu sinadarin komai a cikinta? A harsuna da yawa kalmar da ake fassara "bincike" da ita, ita ce dai wadda ake amfani da ita in likita zai duba marar lafiya. Don haka mutum ya ji an ce za a yi masa bincike, sai ya yi godiya. A zuciyarsa duk mai farar riga don warkar da shi ya zo, kuma masana ɗa'a sun daɗe da gane cewa wannan ruɗani har a ƙasashen da kowa ya yi karatu yana nan, balle inda ganin likita kansa sa'a ce. Takarda mai shafuka da yawa ba ta magance wannan. Yawanci lauyoyin masu ɗaukar nauyin binciken take karewa. Abin da ya fi amfani shi ne a yi bayani da baki cikin harshen mutum, a gaban shaidar da ba ma'aikacin binciken ba, sannan a ce ya maimaita abin da ya fahimta da kalmominsa. In ya ce "za a ba ni magani in warke," to bai gane ba tukuna, sai a sake.

Akwai kuma batun wanda ke da ikon yarda. A al'ummu da dama mace ba za ta amince da wani babban abu ba sai ta shawarci mijinta, kuma baƙo ba ya shiga gari ya fara aiki sai da sanin shugabanni. Girmama wannan wajibi ne, mai binciken da ya tsallake shi ba zai je ko'ina ba. Amma izinin shugaba izinin shiga gari ne kawai, jinin da za a ɗiba na mutum ɗaya ne, kuma shi ke da ta cewa. Mafi hatsari shi ne in shugaba ya riga ya sa albarka a bainar jama'a, domin daga nan mai son ƙi sai ya ji kamar ya yi wa na gaba rashin kunya.

Muhawarar da ta fi raba kan masana, wadda kuma har yau ba ta mutu ba, ta taso ne a kan cuta mai karya garkuwar jiki. A 1994 wani gwaji da aka yi a Amurka da Faransa ya nuna cewa maganin AZT na rage yaɗuwar cutar daga uwa zuwa jariri da kusan kashi biyu cikin uku. Amma tsarin shan maganin yana cin dala 800 ko fiye ga uwa ɗaya da jaririnta, sai mace ta fara awon ciki da wuri, sai an yi mata ƙarin maganin ta jijiya lokacin naƙuda, kuma ba za ta shayar ba. Ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna ba su da halin ko ɗaya daga ciki. Sai aka shirya gwaje-gwaje a Afirka da Tailan don a ga ko gajeren tsari mai araha zai yi aiki, kuma a mafi yawansu aka kwatanta shi da ƙwayar wofi, wadda ba magani a cikinta. Ma'ana, rabin matan da aka san suna ɗauke da cutar ba a ba su komai ba, alhali masu binciken sun san akwai abin da ke kare jarirai.

A 1997 likitoci biyu, Peter Lurie da Sidney Wolfe, suka yi tir da wannan a wata babbar mujallar likitanci ta Amurka, editar mujallar Marcia Angell kuma ta kwatanta shi da Tuskegee. Hujjarsu a fili take: gwajin da ba za a yarda a yi a Amurka ba, don me za a yi shi a Afirka? Masu kare gwajin, cikinsu har da masana na ƙasashen da ake aikin, suka ce ai matan nan da ma ba abin da suke samu, kuma abin da ma'aikatun lafiyarsu ke son sani shi ne ko gajeren tsarin ya fi babu, domin tsarin mai tsada ba zai taɓa isowa gare su ba. A farkon 1998 sakamakon Tailan ya fito, gajeren tsarin ya rage yaɗuwar cutar da kusan rabi, aka daina bai wa kowa ƙwayar wofi, kuma shirye-shiryen kare jarirai a ƙasashe da dama a kan wannan sani suka ginu.

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ba na ganin ɗaya ɓangaren ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Masu karewa suna da hujja mai ƙarfi, tambayar da aka je amsawa ta matalauta ce, amsar kuma su ta amfana. Abin da ke ba ni tsoro shi ne kalmar "da ma ba abin da suke samu," domin in aka sake ta ba linzami, talaucin mutane ya zama lasisin yi musu abin da ba za a yi wa wasu ba. An kuwa ga haka ba da daɗewa ba. A 2001 wani kamfanin Amurka ya nemi gwada maganin huhun jarirai bakwaini mai suna Surfaxin a Boliviya da wasu ƙasashen Latin Amurka, inda za a bar wasu jariran ba magani, alhali akwai irinsa da aka riga aka tabbatar, kuma kasuwar da ake hari ta ƙasashe masu arziki ce. Sai da aka yi ca a kansa aka sauya tsarin. Bambancin wannan da gwajin AZT shi ne ma'aunin da nake riƙe da shi: wa ke buƙatar amsar, kuma in an samu, ƙofar wa za ta fara shiga?

Gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki a 2000 ya shigo da batun abin da za a yi wa mahalarta bayan an gama gwaji. A nan ma ana yawan faɗuwa. A 2024 gwajin allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara don kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki, ya ba duniya mamaki: a cikin 'yan mata da matan Afirka ta Kudu da Yuganda sama da 2,000 da aka yi wa allurar, ba ko ɗaya da ta kamu a lokacin da aka fitar da sakamakon. Farashinta a Amurka ya haura dala 28,000 a shekara. An samu ci gaba, domin kamfanin da ke yin allurar ya bai wa masu haɗa magunguna masu araha lasisin sayarwa a ƙasashe 120, kuma a 2025 aka sanar da yarjejeniyar da za ta kawo ta kan dala 40 a shekara daga 2027. Amma Brazil da Peru da Meksiko da Ajantina, waɗanda mutanensu suka miƙa jikinsu a gwaji na biyu, ba sa cikin wannan lasisi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Haka abin yake da samfurin jini da bayanai. A 2007 Indonesiya ta daina aika samfurin murar tsuntsaye ga Hukumar Lafiya ta Duniya, tana cewa ana kai su ga kamfanonin da za su haɗa rigakafin da ita ba za ta iya saya ba. An zarge ta da jefa duniya cikin hatsari, amma sai da ta yi hakan aka zauna aka tsara yarjejeniyar raba amfani a 2011. A ƙarshen 2021 masana na Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron suka sanar da duniya nan take, sakayyar da ƙasashensu suka samu ita ce hana jiragensu sauka.

Duk da haka, wanda ya karanta wannan ya ce to a kori masu bincike kawai, ya yi kuskure mai tsada. Rashin bincike ma yana kisa, sai dai ba ya fitowa a jarida. Magungunan da aka gwada a jikin manya masu ƙoshi, haka ake ba yara masu tamowa da mata masu ciki bisa ƙiyasi. Labarin Dokta Sheik Umar Khan na Saliyo ya isa misali. Shi ne ke jagorantar yaƙi da Ebola a ƙasarsa a 2014 har ya kamu. A inda yake kwance akwai ZMapp, maganin da ba a taɓa gwadawa a jikin mutum ba. Likitocin da ke kula da shi suka yi ta shawara, suna tsoron in ya rasu bayan an ba shi za a ce an yi gwaji da ɗan Afirka, daga ƙarshe suka fasa. Shi kansa, likitan da ya fi kowa sanin cutar a wurin, ba a tambaye shi ba. Ya rasu ranar 29 ga Yuli, kuma 'yan kwanaki bayan haka aka bai wa Amurkawa biyu maganin a Laberiya. Ba wanda zai iya cewa da ya cece shi, don gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su tabbatar da ƙarfin maganin ba. Abin da aka hana shi shi ne dai abin da aka hana iyayen Kano, wato a gaya masa gaskiya ya zaɓa.

Annobar nan kuma ta nuna ana iya yin daidai ko a cikin tashin hankali. A gwajin rigakafin Ebola da aka yi a Gini a 2015 ba a bai wa kowa ƙwayar wofi ba. Waɗanda suka yi mu'amala da mai cutar aka riƙa yi musu allura, wasu nan take, wasu bayan kwana 21, kuma da aka ga tana aiki aka daina jinkirta wa kowa. A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, a 2018 da 2019, gwajin da Farfesa Jean-Jacques Muyembe ke cikin jagororinsa ya gano magunguna biyu da suka fi ZMapp ceton rai. Inda masana na gida ke riƙe da ragamar aiki, kuma kwamitin ɗa'a na ƙasa yana da ma'aikata da kuɗin kansa, ba ya jiran mai binciken ya biya shi kafin ya zauna, nan ne ake iya cewa a'a ga baƙo mai dala.

Bincike dai lokaci-lokaci yake zuwa. Abin da ke faruwa kullum a ɗakunan jinya ya fi shi yawa, kuma ba kwamitin da ke duba shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna yankin Afirka na ɗauke da kusan kashi 24 cikin 100 na nauyin cututtukan duniya da kashi 3 kacal na ma'aikatan lafiya. A 2001 shugabannin nahiyar suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 na kasafin kuɗi ga lafiya, ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Sakamakon haka shi ne rabon abin da bai isa ba: tukunyar iskar oksijin ɗaya da yara uku masu sarƙewar numfashi, kwalba ɗaya da bakwaini biyu, mai jego da aka hana fita don ba ta biya kuɗin tiyata ba, sakamakon gwajin mutum da ake faɗa masa a ɗakin da wasu shida ke saurare.

A 1997 wani ɗan Afirka ta Kudu mai ciwon ƙoda, Thiagraj Soobramoney, ya kai ƙara har Kotun Tsarin Mulki saboda asibitin gwamnati a Durban ya ƙi sa shi a jerin masu wankin ƙoda. Injinan ba su isa ba, kuma dokar asibitin ta fifita waɗanda za a iya yi wa dashen ƙoda, shi kuwa yana da ciwon zuciya da na suga. Kotu ta goyi bayan asibiti, bai daɗe ba ya rasu. Hukunci ne mai ɗaci, amma aƙalla akwai rubutacciyar ƙa'ida, an gaya masa dalili, kuma ya samu inda zai ƙalubalance ta. A mafi yawan wurare babu ko ɗaya. Ana rabon ne a ɓoye, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne wa ya zo da kuɗi, wa ya san wani babba, wa danginsa suka fi ɗaga murya.

Nauyin kuma yana sauka ne a kan wanda ya fi kowa ƙarancin iko a tsarin. Ƙarfe biyun dare, ma'aikaciyar jinya ɗaya ce a ɗakin yara, ba likita a kusa, ba takardar da ta ce mata ga wanda za a fara ba. Ita ce za ta zare robar iska daga hancin wannan ta sa wa wancan, uwayen biyu suna kallonta. Gari ya waye ta koma gida da abin a ranta, kuma a littafin asibiti ba inda za a rubuta cewa an yi wani zaɓi a daren.